Butar da Ta Tsayar da Tsere

Azumin bana da ruwa ya zo. Kusan kullum, ana idar da azahar sai sama ta haɗe rai, iska ta ɗauke, zafi ya danne gari kamar an kifa masa kwano, sannan ruwa ya kece. Daga barandar gidanmu a Sri Petaling, nan ƙasar Malawa ta gabas mai nisa, nakan tsaya ina kallon yadda yake dukan kwalta, tururi na tashi, ƙamshin jiƙaƙƙen titi na hawowa har hawa na tara. Mutanenmu in sun ji ƙamshin ruwa gona suke tunawa. Ni wata Asabar yake tuna mini, da wata shuɗiyar buta.

Asabar ɗin da ta wuce 'yata Amina ta same ni a barandar riƙe da waya. A wurina ta gaji son tseren mota, kuma ta fi ni bibiya. Wani tsere take kallo da ake yi a wata ƙasa.

"Abba, look, an yi suspending. Ruwa ya sauka, ga wata mota tana busar musu da track."

Na karɓi wayar. Wata ƙatuwar mota ce mai bututu, tana tafe tana hura iska mai zafi a kan kwalta, bayanta na bushewa kamar an goge da tsumma. Na ce mata mu da hannu muka busar da namu, da tsintsiya da buhu.

"Da hannu? No way lah, Abba."

Daga kicin mahaifiyarta, Rabi, ta ɗaga murya. "Abban Amina, in za ka ba ta labarin, ka haɗa har da wanda ya sake jiƙa shi."

Shekara goma sha shida ke nan Rabi tana tsokanata da wannan maganar, kuma har yau in ta yi sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji.

A shekarar ina cikin ta biyu a karatun digiri na uku. Muna zaune a Pantai Dalam, a wani ɗaki da falo a hawa na biyar, Amina tana da wata huɗu. Azumin farko ke nan da Rabi ta yi a ƙasar nan. Zafin Kano ya san ya kamata: ya ƙona ka da rana, ya sake ka da asuba. Na nan ba ya saki. Ka yi wanka, kafin ka ɗaura zani gumi ya sake wanke ka, kuma gumin ba ya bushewa. Fanka ɗaya gare mu, muka bar wa jaririya. Ga ruwa kullum da yamma, wanki ya kwana uku a igiya yana tsami. Igiyar ma a tsakiyar falo muka ɗaure ta, sai ka sunkuya ƙarƙashin kayan Amina kafin ka kai ƙofa. Takalmin da na ajiye don Sallah na ɗauko na tarar ya yi furfurar fumfuna.

Kukar da muka zo da ita daga gida da busasshiyar kuɓewa suka ƙare tun a makon farko. Gero kuwa ko a hoto. Rabi ta koma dama kunu da garin shinkafa da tsamiya, ta ce in rufe ido in sha da niyyar na gero. Mukan yi sahur da shinkafa da ƙwai, in yi asuba, in bi jirgin ƙasa zuwa makaranta, in wuni a ɗakin karatu ina kallon babi na uku da malamina ya dawo mini da shi sau uku, jan biro ya fi rubutuna yawa. Da la'asar in biya masallacin unguwa in shiga layin fate-faten shinkafa da suke rabawa, mai nama da kayan ƙamshi, in kawo mana a leda da zafinsa. Ba yunwar ce ta fi damuna ba. Zuciyata ce ta mutu da karatun, har na fara tunanin yadda zan gaya wa mutanen gida cewa na kasa.

Wata la'asar ina dawowa da ledata na ji ƙarar inji daga layin shagunan da ke bayan gidajenmu. Ba irin ƙarar motar haya ba ce. Wannan tana fitowa daga ƙasan ciki, tana girgiza ƙofofin ƙarfe. Mahaifina bakanike ne a Kano, kuma ya yi rantsuwa babu ɗansa da zai riƙe sifana. In ya gan ni kusa da inji sai ya buge mini hannu ya ce in wuce makaranta. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙafata ta kai ni garejin ban shawarce ta ba.

Wani ɗan tsurut ɗin dattijo na tarar, Bamale, da farar hula da baƙaƙen hannuwa, ya kifa kai a kan injin wata tsohuwar motar Japan koriya wadda ta girme ni. An cire mata kujeru sai ta direba. Na tsaya ina saurare, sai bakina ya suɓuce na ce fulogi ɗaya ba ya ci. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗalibi ne ko bakanike?"

"Ɗan bakanike ne, Pak Cik," na ce, yadda suke kiran dattijo a nan.

"Boleh," ya ce, wato ba laifi, ya miƙo mini tsumma. Haka na san Pak Din.

Shi ya koya mini abin da suke kira direg. Mota biyu ake jerawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen layi, babu kwana, babu zagaye, rubu'in mil kacal. A gabansu akwai sandar fitilu: rawaya su sauko ɗaya bayan ɗaya, kore ya kama, kowa ya taka totur. Wanda ya riga kai ƙarshe ya ci. Daƙiƙa goma sha ɗaya ko sha biyu, an gama. Tayoyin baya masu faɗi ne, sulɓi, babu zane ko ɗaya, shi ya sa babban abokin gabarsu ruwa ne. Ya ce ko cikin kofi ɗaya taya ta taka a guje, motar za ta juya ta rungumi bango.

Da na yi wa Rabi bayani ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Wato duk wannan baƙin man da nake wankewa a rigunanka, saboda abin da kafin in karanta Fatiha an gama?"

Na ce haka ne. Ta ce Allah ya shirya maza. Amma ba ta taɓa hana ni ba, don ta ga na dawo ina cin abinci ina dariya.

Kullum kafin magariba wani abokin Pak Din yakan zo, Ah Keong, ɗan asalin Sin mai sayar da taya, ƙato mai sanƙo. Ba ya azumi, amma ban taɓa ganin ya kai ko ruwa baki a gabanmu ba. Yakan zo da tapau, ƙunshin abinci daga shagon mamak, wato Indiyawa musulmi, ya ajiye a kan durom, ya zauna yana jiran kiran salla tare da mu. Shekara talatin suna tsere da juna, kuma kowannensu ya rantse shi ke gaba da ci ɗaya. Da an sha ruwa sai su ɓalle da tarihi. A bakinsu na ji yadda abin ya faro a Amurka, samari suna gwada motoci a kan busassun tafkuna da tsofaffin filayen jirgin sama. Na ji yadda su ma a ƙuruciyarsu babu fitila babu na'ura, sai mutum ɗaya ya tsaya tsakanin motoci biyu da tuta, wasu biyu a ƙarshen layi da agogon hannu, kuma agogunan ba su taɓa yarda da juna ba.

"A lokacin ba tutar ake kallo ba," in ji Pak Din. "Kafaɗar mai tutar ake kallo. Da ta motsa ka tafi."

"Shi ya sa kake satar tashi," in ji Ah Keong. "Da aka kawo fitila aka kama ka lah."

Sukan ambaci sunayen direbobin da suka mutu, da motocin da suka zama ƙarfen gwangwan, da wanda ya taɓa cin tsere da ƙofa ɗaya a ɗaure da igiya. Labari ɗaya sai su ba da shi sau uku, kowane karo motar ta ƙara gudu. Ni dai ina gefe ina wanke kafireta a cikin kwano, ina jin kamar ina garejin mahaifina, sai dai nan babu mai buge mini hannu.

Abin da ya sa suke ta wannan aiki da azumi a baki shi ne filinsu zai tafi. Wani tsohon shimfiɗaɗɗen kwalta ne a cikin gonakin kwakwar manja, tafiyar awa guda daga gari. An sayar da wurin, bayan Sallah za a fasa a yi gidaje. Asabar ɗaya ta rage musu, ta faɗo a goman ƙarshe, kuma da magariba za a rufe ƙofa. Masu shiryawa suka yanke cewa matasa za su yi nasu da safe, tseren rufewa kuma na dattawan biyu ne, a raba gardamar shekara talatin. Pak Din ya ce daga shi ya ajiye tuƙi. Matarsa, Mak Som, takan kawo mana abin buɗa baki ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mako uku muka yi a kan motar nan. Muka sauke inji, muka canza kuloci, muka mayar. Pak Din da hannu yake aiki fiye da ido. Yakan shafa kan ƙusa ya faɗi lambar sifanar da za ta ci ta, sannan ya ce, "Nasir, duba mini, wannan sha biyu ce ko sha uku?" In karanta masa. Na ɗauka gwaninta ce da kuma son ba ni abin yi. Ƙishirwa a garejin nan ba a magana. Rufin kwano ne, ƙarfe ko'ina, ga warin fetur a kan wofin ciki. Wani lokaci in na miƙe daga ƙarƙashin mota sai na dafa bango jiri ya wuce. Abin mamaki, a makonnin nan ne babi na uku ya fara warwarewa. Ina kwance a ƙarƙashin mota sai in ga inda na yi kuskure a lissafina.

Ranar Asabar muka fita bayan asuba, motar a kan tirela, ni da Pak Din a gaban a-kori-kura, Mak Som da matar Ah Keong a wata motar a baya. Na ɗauki dardumata da butata. Butar roba ce shuɗiya da na zo da ita daga Kano, don an ce mini a nan ba a samun irinta, kuma ni ban iya tafiya ba ita ba.

Mutane sun fi ɗari a filin, Malawa da 'yan Sin da Indiyawa, wasu da jikokinsu. Da safe matasa suka yi ta gudu, hayaƙin taya na tashi, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Tsofaffi suka jeru a jikin bangon kankare da ya raba layi da 'yan kallo, kowa na nuna wa na kusa da shi inda wane ya taɓa yin kaza. Ana idar da azahar sama ta haɗe. Aka ruga aka rufe motoci da tampol. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi awa ɗaya da rabi bai numfasa ba. Muka fake a ƙarƙashin rumfa. Ni da aka raina da cewa ruwa rahama ne, ranar na tsinci kaina ina roƙon ya tsaya.

Da ya ɗauke, babu wanda ya ba da umarni. Kawai na ga mutane suna tuɓe takalma suna tsallaka bango. Aka fito da tsintsiyoyi da katakai masu roba a baki, muka jeru a faɗin layi muna tura ruwa gefe. Bayanmu wasu na jan jiƙaƙƙun buhuna suna matsewa, bayansu a-kori-kura biyu na jan tsofaffin tayoyi da aka ɗaure da sarƙa, suna kai da komo don zafin gogayya ya busar da kwalta. Mata suka yayyaga tsofaffin zannuwa suna miƙo mana. Rana ta leƙo, tururi ya taso ya dafa mu. Harshena ya manne da ganɗa, bayana kamar zai tsinke, amma na ga wani tsoho mai sanda yana goge kwalta da hankicinsa, na ji kunyar tsayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sama da awa biyu muka yi. A ƙarshe mai ba da hannu, wato wanda ke kula da fitilu da lafiyar layi, ya fesa wani ruwan danƙo a farkon layin, ya taka ya ji takalminsa na mannewa, ya ɗaga babban yatsa. Aka yi tafi. Can gefen gonaki kuwa wani sabon hadari ya fara tasowa.

Aka ce a yi la'asar da sauri a dawo. Masu salla suka nufi famfo da ɗan masallacin da ke can bakin ƙofa, tafiyar minti biyar. Ni na dubi nisan, na ji gajiyar da ke jikina, na tuna ina da buta. Sabo turken wawa. A gida duk inda salla ta same ka, ka tsuguna a gefen hanya ka yi alwala, ƙasa ta shanye. Na cika butar, na samu inuwa a bayan bangon kankare, ta ɓangaren 'yan kallo, na tsuguna. Na yi alwalata a tsanake, na wanke jar lakar da ta kama mini ƙafa har ƙauri, sauran ruwan na tuttular. Ban duba gangara ba. Ban kuma lura cewa bangon yana da ƙananan kafofi a ƙasa don fitar ruwa ba.

Na idar da salla ina naɗe darduma na ji an tayar da injuna. Motoci biyu suka ƙona taya, hayaƙi ya turnuƙe, suka fara matsowa bakin layi a hankali, koriyar Pak Din a hagu, jar Ah Keong a dama. Na leƙa ta saman bango don in samu wurin kallo, sai na gan shi. Wani siririn harshen ruwa ya fito ta kafar bango, ya ɗauko yashi da laka, ya miƙe ya ratsa rabin layin hagu, kamar taku talatin daga wurin tashi. A kan baƙar kwalta, ga rana ta shige hadari, in ba ka tsaya a kansa ba ba za ka gan shi ba. Mai ba da hannu ya riga ya gama zagayensa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Zuciyata ta ce ruwan bai taka kara ya karya ba, wataƙila taya ba za ta bi ta kansa ba, kuma babu wanda ya gan ni. Ta ce ga hadari a ka, in aka tsaya an rasa ke nan, kuma kai ne baƙo ɗaya tilo a filin nan, kai za a nuna. Sai na tuna maganar kofi ɗaya, na tuna Mak Som a bakin ƙofar gareji. Ban san lokacin da na tsallaka bango ba. Na ruga tsakiyar layi babu takalmi, ina ɗaga hannu biyu, na tsaya a gaban motocin.

Aka kashe injuna. Mai ba da hannu ya zo a fusace, na ja shi na nuna masa. Ya tsuguna ya shafa, ya dubi kafar bango, ya dube ni.

"Daga ina ruwan nan?"

"Ni ne. Alwala na yi."

"A nan? Ga famfo can?"

Na tuɓe rigata na durƙusa na fara gogewa. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutane suka sake tsallako bango a gajiye, aka share yashi, aka goge, aka kawo wutar gas aka gasa wurin, aka sake fesa danƙo. Kwata guda ya ci. Motoci suka sake tashi, suka sake matsowa. Fitilar farko ta kama. Sai ɗigo ya faɗo mini a kafaɗa, wani ya faɗo a gilashin Ah Keong, mai ba da hannu ya gicciye hannuwansa sama. Kafin a jawo tampol ruwa ya sauko gaba ɗaya, kuma bai tsaya ba har aka kira magariba.

A ƙarƙashin rumfa aka sha ruwa. Na raɓe a can ƙarshe, rigata a hannu. Ah Keong ya wuce ni bai dube ni ba, kuma sai da ya yi wata biyu kafin ya sake yi mini magana. Pak Din ne ya taso ya zauna kusa da ni, ya buɗe ƙunshin shinkafa ya tura gabana.

"Makan, Nasir," ya ce, wato in ci.

"Pak Din, ka yafe mini."

"Makan dai," ya ce. Bai ƙara komai ba, ranar ko bayanta.

Butar a can na bar ta, ban ko waiwaye ta ba. Bayan Sallah aka fasa filin. Pak Din ya sayar da koriyar motar, bai sake tuƙi ba. Ni na gama karatu, na samu koyarwa, muka zauna. Duk shekarun nan ina zuwa wurin Pak Din, muna bin tsere tare, da a filaye, yanzu a waya. Ah Keong ya mutu shekara uku da suka wuce, har ƙarshe yana cewa shi ke gaba da ci ɗaya. Kuma duk lokacin da aka ambaci tsohon filin, sai in ji ni ne na ƙwace wa tsofaffi biyu abin da ba zai dawo ba.

Washegarin hirarmu da Amina na je gaishe da Pak Din. Ya haura tamanin yanzu, idonsa ya tafi gaba ɗaya. Yakan zauna a baranda in kara masa waya a kunne, daga ƙarar inji ya gaya mini wanda ya makara a giya ta biyu, kuma da wuya ya kuskure. Na ba shi labarin motar da ke busar da layi da bututu. Ya yi dariya ya ce yaran yanzu ba za su san daɗin ciwon baya ba. Ruwa na sauka a kan kwano, sai ya juyo gare ni.

"Nasir, har yanzu kana ɗauke da abin nan?"

"Ina ɗauke da shi, Pak Din."

"To sauke. Ranar nan da na shiga layi na ɗaga kai, ban ga fitilu ba. Wani hazo-hazo kawai nake gani. Bangon ma ban san inda yake ba."

Na ce, "To me ya kai ka shiga?"

"Mutum ɗari sun goge titi da hannu, da azumi a bakinsu, saboda ni. Da wane baki zan fito in ce ba na gani? Na yi niyyar in tafi da kunne, in na ji Keong ya tashi in tashi, sauran in bar wa Allah. Ina zaune riƙe da sitiyari ina roƙon mafita, sai na ji an kashe inji ana cewa baƙon nan ya shiga layi."

Na tuna sifanun da nake karanta masa. Har na fara zargin ko sauke mini nauyi kawai yake so ya yi, irin na dattawa. Sai ga Mak Som ta fito daga ciki, ashe tana jin mu.

"Ni na sani tun kafin azumi," ta ce. "Na hana shi ya ƙi. Mako uku ina roƙon Allah ya kawo ruwa ranar. Da na ga kun busar da na farko, sai da na shiga mota na yi kuka. Ban san ta hannunka zai sake zuwa ba."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zubo mini, ban ɓoye ba tunda mai gidan ba ya gani, matarsa kuma ta kau da kai. Daɗi na ji, da haushi kaɗan, don shekara goma sha shida ba kwana goma sha shida ba ne. Na ce masa ai da ya gaya mini tuntuni. Ya ce Keong na da rai, kuma da ya ji, da ya ce ya ci ba hamayya.

Aka kira la'asar. Pak Din ya ce a kawo masa ruwan alwala, ƙafarsa ba ta kai shi famfo yanzu. Mak Som ta shiga ta fito ta miƙo mini buta. Ta koɗe ta koma fari-fari, an ɗaure hannunta da waya, amma ko a cikin dubu zan gane ta. Ashe ranar ta tsinci butata a filin ta ajiye. Na tsuguna a gabansa a bakin baranda, ya naɗe hannun riga ya miƙo tafukansa. Na karkata butar zan zuba, sai ya riƙe mini hannu.

"Tsaya, Nasir," ya ce. "Duba gangara tukuna."